Ranar da Dada Ta Je Godiya

Ɗan ƙanena Bashir ya gama bautar ƙasa, ya kwaso abokansa suka same ni a tsakar gida, wai in nuna musu hanyar shiga irin aikin da na yi. Na tambaye su me suka sani game da aikin. Ɗaya ya ce farar mota mai dogon eriya. Ɗaya ya ce taro a otal, a sha shayi a ci nama a tashi. Bashir, da yake ya fi su wayo, ya ce ai taimakon al'umma ne, Goggo, yana faɗa yana kallon motar da ke ajiye a rumfa. Na ce musu kallon kitse kuke yi wa rogo, ku gyara zama.

Na yi shekaru ina shugabantar ofishin shiyya na wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kare haƙƙin ɗan'adam. Ofishin yana nan Bauchi, amma jihohin da ke kewaye da mu duk suna wuyana, da ma'aikatansu da rigingimunsu, ga kuma turawan hedikwata da ke kira daga ƙasarsu suna neman rahoto kamar ana tsinko shi a bishiya. Abokan cinikinmu ba sa zuwa da fara'a. Uwa ce aka tafi da ɗanta, mata ce aka dawo mata da miji ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa, tsoho ne ya sayar da akuyarsa ya shigo mota don ya tambaya ko mun ji labarin wane. Kowa ya shigo, abu ɗaya yake so: a ce masa nasa yana raye, kuma ga inda yake.

Aikina na farko, a Gwallaga ne, gidan wata mata da aka doki mijinta a hannun jami'ai har ya rasu. Wanda ya koya min sana'ar, Mista Bulus, mutumin kudancin jihar nan ne, dattijo mai sanyin magana da ba ya taɓa sauri sai in ruwa ya taso. Na fito da sabuwar atamfa da jaka da biro, na nufi farar mota. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona har na tsargu, sannan ya tambaye ni ko ɗaurin aure za mu. Ya ce in wannan mota ta tsaya a ƙofar gida, kafin mu gama gaisawa unguwa ta san wanda ya kai ƙara, mu mu koma ofis mu sha iska, matar kuma ta kwana da abin da muka jawo mata. A Keke muka je, muka sauka nesa, muka taka. A gidan ma sai da muka yi gaisuwa ta ishe mu, aka kawo ruwa muka sha, aka yi zancen tsadar gero, kafin matar ta buɗe baki da kanta. Ban rubuta ko harafi ɗaya a gabanta ba, don ya hana.

Daga wurinsa na san kayan aikina na gaskiya. Tsohon hijabi da ya koɗe, silifa, haƙurin zama a tabarma har ƙafa ta yi sanyi, da kai mai riƙe suna. Daga baya na ƙara da bokitin markaɗe, kuma shi ya fi kwamfutar ofis yi min amfani. Ka'ida ɗaya ce Mista Bulus yake maimaitawa har ta gundure mu: wanda ya ba ka labari, ransa a hannunka yake, kuma ya fi labarin daraja. Muna da tsari a kan komai. Muna da na waya, muna da na ɗan leƙen asiri, muna da na ma'aikacin da aka saya. Duk shirinmu na kare kai daga mugu ne.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka yi ta kame. In abu ya fashe a wani wuri, sai a bi unguwa a kwashi maza, mai laifi da wanda ya fito sayen koko. Layi a ofishinmu har waje. Ka je wurin hukuma ka tambaya, a ce maka ba a san da shi ba. To mutumin da aka ce ba a san da shi ba, komai yana iya samunsa, don babu wanda za a tambaya. Amma in muka rubuta muka ce wane ɗan wane, na unguwa kaza, muna da labarin yana hannunku kuma yana da rai, sai lissafi ya canza. Ba lallai a sake shi ba, amma ɓatar da shi ya yi wuya. Saboda haka a wannan shekara suna ya fi zinariya tsada a wurinmu.

A lokacin Mista Bulus ya yi ritaya, ni ke riƙe da ofis. Wata rana ya aiko min cewa akwai wata 'yar cocinsu da take son ganina, amma ba za ta taka ofis ba. Maman Ladi ake ce mata. Abinci take sayarwa a wata rumfa da ke bakin ƙofar wani wurin da jami'an tsaro suke ajiye mutane, can bayan gari. Masu gadi a wurinta suke ci, kuma ita aka ba kwangilar dafa wa na ciki, ita ke shiga da tukunya ta zuba musu. Mijinta ya rasu, rumfar nan ita ce makarantar 'ya'yanta, ita ce hayar ɗakinta. Ta lura akwai waɗanda ba wanda ke zuwa nemansu, sai ta fara yi musu raɗa in tana zuba wake, tana tambayar suna da unguwa. Ba wanda ya sa ta. Ta ce ita dai ta ga 'ya'yan mutane ne.

A wurin injin markaɗe na kasuwar Wunti muke haɗuwa. Mata biyu a layi da bokitin tattasai, wa zai kalle su? Ƙarar injin kuma ko na kusa da kai ba ya jin abin da kake faɗa. Ta matso kamar tana duba ko an zo kanta, ta faɗi suna biyu ko uku, ni kuma in haddace ina kallon wani wuri. Ba ta taɓa karɓar ko sisina ba. Ko ma'aikatana ba su san da ita ba, hedikwata kuwa abin da suka sani kawai akwai wata majiya. A gidana an sha miyar tattasai a shekarar nan har yara suka fara ƙorafi.

Cikin sunayen da ta kawo akwai Auwalu tela, na nan Wunti. An ɗauke shi a shagonsa da tef a wuya, aka yi wata da watanni ba labari. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, tsohuwa ce 'yar gidan malamai, irin matan da in suka yi magana a unguwa an gama. Ta zo ofishinmu tun farkon abin, ba ta yi kuka ba, ta ce dai a gaya mata ko ta yi sadaka ko ta ci gaba da jira. Da sunan ya fito, muka rubuta, muka yi ta sintiri, na zauna a ofisoshin manya har masinjoji suka san irin ruwan da nake sha. Da ƙyar, da taimakon wani lauya, aka sako shi. Ya rame ya zama kamar sandar rake, amma da ƙafarsa ya shiga gida.

Ranar da ya fito na keɓe shi, na ce masa na san ya san wadda ta tambayi sunansa, to ya binne wannan a cikinsa har kabari. Ya rantse. Kuma ya yi ƙoƙari, don abokai sun tambaya, matarsa ta tambaya, bai faɗa ba. Amma Dada ba ta yarda cewa takarda kaɗai ke fito da mutum ba. Ta ce akwai hannun wani bawan Allah a ciki, kuma ita ba za ta mutu da nauyin alherin da ba ta san mai shi ba. Ta tsare shi a ɗaki, ta haɗa shi da Allah, ta haɗa shi da nonon da ya sha. Ku gaya min ɗan Bahaushen da zai tsallake wannan. Ya faɗa mata, ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ta ce ta ji. A wurinta gaya wa mutane daban, zuwa godiya daban. Wanda ya yi maka kan kara, ai sai ka yi masa na itace.

Ina cikin taro da ma'aikatan jihohi da hantsi wayata ta yi ta ruri. Auwalu ne. Ya ce ya dawo daga shago ya tarar Dada ta fita da matan gida a Keke biyu, da faranti, sun tafi gaida mai abinci. Sai da na sa ya maimaita. Na bar mutane a zaune, na zari hijabin nan, na tare Keke na ce ya taka kamar matarsa ce ke naƙuda. Dada ba ta riƙe waya, matan da ke tare da ita kuma ba wadda ta ɗauka.

Na isa suna sauka. Nan na gane abin da ya fi komai muni: ba ni da ikon matsawa. Manyan wurin sun san fuskata, sun sha ganina a ofis. In na tsallaka titi na tare Dada, na sa hannu ke nan a kan takardar mutuwar Maman Ladi. Na tsaya wurin wani mai lemo a ɗaya gefen, na ja hijabi, ina taɓa lemo kamar mai ciniki, ina kallo.

Lokacin cin abinci ne, bencin rumfar cike da masu kaki. Ga Dada a gaba da sandarta, cikin farin mayafi, mata suna biye da faranti: turmin atamfa, goro, dambun nama, turare. Wata daga cikinsu, don neman suna, har ta rangaɗa guɗa. Cokula suka tsaya. Dada ta yi sallama da murya irin ta wadda ba ta taɓa ɓoye komai ba a rayuwarta, ta tambayi wace ce Maman Ladi. Daga inda nake ina jin ta tar.

"'Yar nan, ni ce uwar Auwalu tela. An ce ke kika tambayi sunansa lokacin da duniya ta manta da shi. Na zo in ga fuskarki, in sa miki albarka."

Maman Ladi tana riƙe da ludayi a sama, miya tana ɗiga. Ban san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Sai na ga ta ajiye ludayin, ta zagayo, ta sa hannu ta ture farantin da ke gaba. Goro ya watse a ƙasa, atamfa ta faɗa cikin ruwan wanke-wanke.

"Wane Auwalu? Ni ban san ki ba, Mama, ban san yaronki ba! Abinci nake sayarwa a nan. Wa ya aiko ki ki ɗaura min sharri? Ku kwashe kayanku ku bar min wuri, mahaukatan banza!"

Ta ɗauki robar ruwan wanke-wanke ta watsa a gaban tsohuwar, har ya fantsama a farin mayafin. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma na ga abubuwa a aikin nan. Dada, wadda ko mai unguwa ba ya ɗaga mata murya, ta tsaya baki buɗe tana kallon ƙafarta. Matan suka yi cirko-cirko. Masu kaki suka fashe da dariya, wani yana cewa Maman Ladi ba ta da dama, wani ya sunkuya yana tsintar goro. Amma akwai ɗaya a ƙarshen benci da bai yi dariya ba. Ya ci gaba da tauna a hankali yana kallonta. Mai lemo ya tambaye ni ko zan saya ko in bar masa kayansa, don ashe na matse ɗaya har ya fashe a hannuna.

Tsugune ba ta ƙare ba. Kafin la'asar labari ya zaga Wunti, cewa Dada ta je da alheri wata mai abinci ta watsa mata ruwan ƙazanta. Kafin a jima an daina cewa mai abinci, an koma faɗin addininta. Samari suka fara taruwa a ƙofar gida, ana zancen rumfa da fetur. Mu mutanen Bauchi mun san inda wannan hanya take ɓullewa, ba sai an gaya mana ba. Matar da ta tsira daga masu kaki da safe, ga shi da yamma 'yan'uwan wanda ta ceta suna neman ta.

Na shiga gidan ta ƙofar mata. Dada tana zaune a kan buzu, mayafin yana jiƙe a gefe, ta hana a wanke. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙi a ba mu wuri. Na bayyana mata komai dalla-dalla, abin da ban taɓa yi wa kowa ba: su wane ne mutanen da ke kan bencin, me za su yi wa wadda ke fitar da suna, da kuma cewa ruwan nan da aka watsa shi ne kaɗai abin da ya rage wa matar ta kare kanta da shi. Tana ji tana jan carbi, har carbin ya tsaya.

"Wato ni na kai ta mahalaka da ƙafata," in ji ta. "To 'yata, yaya ake gode wa irin wannan?"

"Dada, sai dai ki ce ba ta yi muku komai ba."

Ta kalle ni kamar na ce ta ci mushe. Tsohuwar nan, duk unguwa an shaida, ko a wasa ba ta ƙarya. Amma ta miƙa min hannu na tashe ta, ta fita zaure ta sa aka shigo da manyan samarin. Ina bayan labule ina ji. Ta ce laifin nata ne. Ta ce Auwalu tun da ya fito kansa bai dawo daidai ba, yana faɗin abin da bai faru ba, ita kuma tsufa ya sa ta ɗauka. Ta ce matar nan ba ta san su ba, ba ta taɓa yi musu komai ba, kuma kowa aka je wa wurin sana'arsa da zancen banza zai yi fushi. Duk wanda ya taka wurin, in ji ta, ba ta yafe ba. Auwalu yana tsaye a wurin, uwarsa tana kiransa mai taɓin hankali a gaban abokansa, ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Samari suka watse suna gunaguni. Da ta dawo ɗaki ta ce in tafi, tana so ta yi istigfari.

Duk da haka an kira Maman Ladi ciki. Mista Bulus ne ya kawo min labari, an riƙe ta kwanaki ana juya ta da tambaya, yaranta suna hannun maƙwabta. Ba abin da na iya yi. In na rubuta takarda a kanta, na tabbatar da zargin. Ni da nake buga ƙofar manya a kan mutanen da ban taɓa gani ba, na zauna na naɗe hannu a kan wadda na fi sani. A makon ne kuma hedikwata suka kira, suna murna da fitowar Auwalu, suna tambaya ko za a samu hotonsa da na majiyarmu don mujallarsu ta shekara. Abin da na gaya musu ba zan maimaita a gaban yara ba. Abin da ya fitar da Maman Ladi, masu gadin da suka ci goron ne suka yi ta ba da labarin yadda ta wulaƙanta tsohuwa, suna dariya, har abin ya zama shaida. Aka sake ta, aka bar mata rumfarta da tukunyarta.

Na ci gaba da zuwa wurin injin da bokitina. Mako ya wuce, wani ya wuce, ba ta zo ba. Layin ofis kuwa bai ragu ba, iyaye suna zuwa suna tambaya, ni kuma ba ni da sabon suna ko ɗaya. Sai wata ranar kasuwa, damina ta kusa ƙarewa, na hango ta a layi. Ta rame. Na bi bayanta na tsaya, injin yana ta ƙara. Na yi niyyar gaya mata abin da Dada ta yi, da cewa tsohuwar tana sa ta a addu'a kullum, amma ba ta ba ni dama ba. Ba ta juyo ba, tana kallon bakin injin ta yi magana.

"Anti, kar ki ƙara jirana a nan. Ina da yara."

Na ce na sani, ba na neman komai. Sai bakina ya riga ni, irin na mai sana'a, na tambaye ta ko akwai sauran mutane a ciki.

"Suna nan da yawa," ta ce. "Ina zuba musu abinci. Wani in na zo kansa sai ya fara faɗa min sunansa a hankali, ni kuma in buga ludayi a tukunya don kar in ji."

Aka zo kanta, ta miƙa bokitinta, aka markaɗa mata, ta ɗora a ka ta shiga cikin mutane.